Hannun da Ya Miƙo Sanda

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", duk na gan ku, har da wadda ta ce in ban sako yau ba za ta zo ta ƙwace wayar ta ƙarasa labarin da kanta. To ga shi, a bar ni in sha ruwa. Wanda kuma yau ya fara tarar da mu, bari in ɗora shi a hanya: 'yan mata huɗu ne masu gudun miƙa sanda, gasar tantancewa ta ƙarato, kuma tun da sanda ta faɗi bara tsakanin Kyaftin da ƙanwarta Auta, miƙon ƙarshe ya ƙi daidaita. Koci ta riga ta faɗa musu ba za ta je gasa da miƙon da take shakka ba.

*

Kyaftin ce ta kafa dokar da bakinta, cewa in an yi kwanciyar gani ba mai buɗe ido. Ita ce kuma ta karya ta da safiyar nan.

Kwanciyar gani dabarar Koci ce. Kafin a taka fili, sai a shimfiɗa katifun roba a ɗakin motsa jiki, a kashe fanka, kowa ta kwanta rigingine a jere yadda suke gudu: Bindiga mai tashin farko, sai Shiru-shiru, sai Auta, sai Kyaftin mai ƙarasawa. Koci ta tafa, kowa ta yi tseren a cikin kanta, tun daga tsugunno har layin ƙarshe. In an zo miƙa sanda, mai bayarwa ta ɗaga hannu, mai karɓa ma ta ɗaga nata. Koci tana tsaye a kansu tana kallo. In hannuwan suka tashi tare, to abu ɗaya suke gani. In ɗaya ya riga ɗaya, akwai gyara.

Da farko abin dariya suka mayar da shi, Bindiga har minshari ta taɓa yi. Amma da miƙon farko da na biyu suka zama kamar an ɗinke su, bakin kowa ya mutu. Na ƙarshen ne kawai ya gagara, na 'yan gida ɗaya, waɗanda suka tashi a ɗaki ɗaya suna satar wa juna bargo.

Yau ma haka suka kwanta. Ɗakin ya cika da warin man zafi, rabinsa daga wuyan Kyaftin yake tashi, don ta daɗe tana fama da ciwon wuya tana zagin matashinta. Koci ta tafa. Kyaftin ta shiga cikin kanta. Ta ga Bindiga ta tashi, ta ga Shiru-shiru ta miƙe hanya da dogayen ƙafafunta, ta ji Auta ta shiga kwanar fili. Tana cikin jiran lokacinta sai ta ji motsin katifa daga inda bai kamata ba, can jikin bango, wurin da Sabuwa take kwanciya.

Sabuwa 'yar benci ce, mai jiran ko-ta-kwana, bana ta shigo. An ce ta riƙa kwanciya da su don ta saba, ba don ta motsa ba.

Kyaftin ta buɗe ido ɗaya. Babban madubin bango ya nuna mata ɗakin gaba ɗaya. Hannun daman Auta yana sama. Hannun daman Sabuwa yana sama. Tare suka tashi, kamar da zare ɗaya aka ja su. Nata hannun kuwa yana nan kwance a kan katifa. Koci kuma tana kallon yaran biyu tana gyaɗa kai.

Kyaftin ta buɗe ɗaya idon ma. Ta tashi zaune.

"Tun yaushe?"

Bindiga ta buɗe ido da sauri irin na wadda dama idonta ba rufe yake ba sosai.

"Auta, da ke nake. Tun yaushe kike miƙa wa wata sanda a cikin kanki?"

Auta ta sauke hannunta a hankali, ta zauna, ta rungume gwiwoyinta. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Koci ta ce a koma a kwanta, ba a gama ba, amma ina, Kyaftin ta riga ta miƙe, kuma duk wanda ya san ta ya san in ta miƙe haka sai ta zazzage abin da ke cikinta.

Kan Sabuwa ta fara sauka. Ta tuna mata ranar da ta zo da takalmin makaranta tana rarraba ido, da wadda ta koya mata ɗaurin igiya, da wadda ta hana a riƙa aiken ta ɗebo ruwa. Ta ce ashe duk gaisuwar nan da rusunawa gurbinta ake auna wa. Sabuwa ta buɗe baki, ta kalli Auta, ta rufe. Sai hawaye.

"Kuka? Ni aka haƙa wa rami, ke ce da kuka?"

"Wallahi Kyaftin ba haka..."

"Rufe min baki."

Sannan ta juyo kan ƙanwarta, kuma wannan ne ya fi ci mata rai. Ita ta jawo Auta harkar gudu. Takalmin ƙusa na farko da Auta ta sa, nata ne ta cire ta ba ta, har yau shi yarinyar take sawa ko da ya tsufa. Ranar da sandar ta faɗi bara, a gaban jama'a, ita ta ɗago ta daga ƙasa ta ce ba komai. A gida ma ita ta hana kowa tayar da maganar. Duk ta lissafo mata su, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kwashe shanya.

"In kin gaji da ni, ki faɗa min a ɗakinmu. Sai a gaban mutane zan gani a madubi?"

Bindiga ce ta kasa haƙuri. Ita dama bakinta ya fi ƙafarta saurin tashi.

"Kyaftin, tunda yau ranar buɗe ido ce, to mu ma mun daɗe muna buɗewa."

"Me kike nufi?"

"Wuyanki."

Kyaftin ta tsaya. Ta zaci wata baƙar magana za ta ji, ba wannan ba.

"Wuyana ya yi me?"

"Juyawa yake. Duk kwanciyar da za mu yi, da Auta ta shiga kwana sai kanki ya juya hagu, ya kalli inda take. Idonki a rufe, amma sai kin waiwaya."

"Ƙarya kike."

"Tambayi kowa."

Ta kalli Shiru-shiru, don ita ba ta taɓa ɓata bakinta a kan abin da ba haka ba. A wuni in ta yi magana uku an gode. Shiru-shiru ta gyara zama, ta kalli yatsun ƙafarta.

"Ni da na miƙa wa Auta aikina ya ƙare," in ji ta. "Sai in buɗe ido in kalle ki, ina roƙon Allah yau kar ki juya. Ban taɓa dacewa ba."

Ga wanda bai san harkar ba, waiwaye ba wani abu ba ne. A gudun miƙa sanda kuwa shi ne babban laifi. Mai karɓa in ta tashi ba ta kallon baya. Hannu kawai take miƙawa ta ci gaba da gudu, ta bar wa ta bayanta sauran. Waiwaye yana cin gudu, yana karkatar da hannu, kuma yana gaya wa mai zuwa abu ɗaya: ban yarda za ki iso ba. Kyaftin ce take koya wa sababbi wannan. Ita ce ma take ranƙwashin duk wadda ta waiwaya.

Hannunta ya tafi wuyanta da kansa. Gefen da yake ciwo. Gefen da take shafa wa man zafi kullum tana cewa matashi ne. Har matashin ta canza, ta ɗauke na Auta ta ba ta nata.

Ta sauke hannun, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Duk kun sani," ta ce, a hankali. "Duk kun sani kuka yi shiru."

"Wa zai faɗa miki?" in ji Bindiga. "Ke ce Kyaftin. Ke muke kallo in gabanmu ya faɗi. Ni in na tsuguna a layin tashi, abin da nake gani a kaina shi ne ke kin ƙetare layi da sanda. To yanzu in na rufe ido, keyarki nake gani tana juyawa. In ke ba ki yarda sandar za ta iso ba, mu gudun me muke yi?"

Ba wanda ya taɓa yi mata magana haka a ɗakin nan. Ta nemi fushin da ta tashi da shi ta rasa. Kunya ce ta maye gurbinsa, irin mai sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa yawa. Ta durƙusa a gaban ƙanwarta.

"Auta. Gaskiya ne?"

Sai yanzu Auta ta ɗago. Idonta jawur, amma ba hawaye.

"Yaya, ni in na rufe ido ba na ganin hannunki."

"To me kike gani?"

"Fuskarki. Irin kallon da kika yi min bara, kafin ki ce ba komai."

"Ai na ce ba komai."

"Kin ce. Amma kallon ya riga maganar fitowa."

Kyaftin ta so ta rantse ba ta yi wani kallo ba, amma ta tuna yanzun nan ta gama rantsuwa a kan wuyanta. Ashe mutum yana iya yafewa da baki jikinsa bai ji ba. Wannan ya tsorata ta fiye da komai.

Ta miƙe ta fuskanci Koci, wadda tun ɗazu take jingine da bango, ta ɗauke nauyi daga gwiwarta mai ciwo, tana kallon su kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

"Shi ya sa kika yanke za ki ba Sabuwa gurbina."

Koci ta taso daga jikin bango. Ta sunkuya ta zaro sandar daga jaka, jar nan da fentinta ya goge a tsakiya.

"Surutu ya isa. Mu je fili. Miƙo ɗaya za a yi, da cikakken gudu. In ba ki waiwaya ba, sanda ta shiga hannunki lafiya, ke za ki ƙarasa mana a gasa. In kika waiwaya, ke da kanki za ki gaya min abin da ya dace."

Ta ƙara da sharaɗi. A ƙa'ida mai karɓa tana leƙen baya kafin ta tashi, don ta ga mai zuwa ta taka alama. Yau ko wannan babu. Tun daga ƙofar ɗakin nan Kyaftin za ta ba kwanar fili baya. Koci ce za ta duba alamar, ta busa usur, ita kuma ta tashi. In ta kai farin kaset ɗin da aka manna a ƙasa, ta miƙa hannu, kamar yadda suka saba, ba kira ba magana.

Sauran suka fita. Auta ce ta ƙarshe. Da ta zo wucewa ta ɗan tsaya kamar za ta ce wani abu, sai kawai ta gyara wa yayarta wuyan riga ta wuce.

Rana ta fara zafi. Jan dandamalin fili yana tashin warin roba. Kyaftin ta tsaya a wurinta, fuskarta na kallon layin ƙarshe, bayanta na kallon duk abin da take tsoro. Tana jin muryoyi can nesa a kwana, ba ta rarrabe su. Koci ta tsaya a gefe da usur a baki.

Ku zo ku ga yaƙi tsakanin mace da wuyanta. Kamar ana jan kunnenta na hagu da igiya. Ta cije leɓe. Ta kafa ido a kan wata tsohuwar kujerar alƙali da ke bayan layi, ta ce ko sama za ta faɗo ba za ta daina kallon kujerar nan ba.

Sai ta yi abin da Koci ta daɗe tana koya musu, amma wannan karon da gaske. Ba ta nemo tseren bara ba. Ta nemo Auta tana ƙarama, da jakar makaranta da ta fi ta girma, tana bin ta a guje kowace safiya tana "Yaya ki jira ni". Ba ta taɓa jiran ta ba, ko waiwaye ba ta yi, don ta san kafin a kai ƙofar makaranta za ta ji ɗan hannun nan ya damƙi gefen rigarta. Kuma kullum sai ya damƙa.

Yarinyar nan tana isowa, ta gaya wa kanta. Tun da take ba ta taɓa ƙin isowa ba.

Ta ji takun ƙusa yana tahowa. Usur ya tashi.

Ta fita kamar an harba ta. Iska ta cika mata kunne. Takun yana matsowa, yana matsowa, har ta ji numfashi a bayanta. Farin kaset ya zo ƙarƙashin ƙafarta. Ta jefa hannun hagu baya, tafi a buɗe, idonta na kan kujera.

Tas.

Sandar ta zauna a tafinta daram, ba ta yi sama ba, ba ta yi ƙasa ba, gudunta ko ɗigo bai ragu ba. Tun da take gudu ba a taɓa miƙo mata sanda haka ba. Ta damƙe, ta buɗe ƙafa, ta ƙetare layi tana jin ihun Bindiga daga can.

Ta tsaya ta dafa gwiwa, tana haki tana dariya, hawaye na zuba. Tun kafin ta juyo ta ɗaga sandar sama.

"Kun gani? Hannun ƙanwata ke nan! Ko cikin barci aka miƙo min na san shi!"

Ihun ya ɗauke. Ba wanda ya taya ta.

"Ina nan, Yaya."

Muryar ba daga baya ta fito ba. Daga gefe ta fito, wajen shingen waya, kusa da ƙofar fita.

Kyaftin ta juya. Auta tana tsaye a bayan shinge da doguwar rigarta a kan kayan gudu, jaka a kafaɗa, silifa a ƙafa. Ko zufa babu a goshinta. Tsohon takalmin ƙusan yana rataye a hannunta.

Kyaftin ta sake juyawa ta kalli hanyar da ta biyo. A tsakiyar layi, wajen farin kaset, Sabuwa ce a sunkuye tana haki.

Sandar ta kusa suɓuce mata.

"Koci... mene ne wannan?"

Koci ta cire usur daga baki ta tako a hankali tana ɗingishi.

"Wane hannu kika ga Sabuwa ta ɗaga a madubi?"

Kyaftin ta buɗe baki. Madubin ya dawo mata. Hannun dama. Duk su biyun hannun dama suka ɗaga. Mai ƙarasawa da hagu take karɓa, wannan ko 'yar da ta zo jiya ta sani. Hannun dama na mai gudu ta uku ne, hannun mai bayarwa. Fushi ne ya rufe mata ido har ta kasa ganin abin da take koya wa wasu.

Ba gurbinta Sabuwa take koya ba. Na Auta ne.

"Auta ce ta same ni," in ji Koci. "Na gaya mata ɗayarku za ta zauna, ban faɗi ko wace ce ba. Ta ce kar ma in wahalar da kaina. Ita ta riƙa ɗaukar yarinyar nan tana koya mata takunki, da tsayin hannunki, da inda kike son sanda ta sauka. Ta roƙe ni kar ki sani sai kin ji miƙon a hannunki, don ta san in kika sani ba za ki yarda ba."

Kyaftin ba ta san lokacin da ta isa shingen ba. Ta cusa yatsunta cikin wayar.

"Auta, ke na gani. Wallahi ke na gani a kaina. Don ke ce ban waiwaya ba. Ki dawo a sake, yanzun nan, ki ga."

"Na sani, Yaya. Na ga ba ki juya ba."

"To mene ne?"

Auta ta rataye takalmin a kan shinge, ta daidaita igiyoyinsa kamar abin da zai ji ciwo.

"Da aka busa usur ni ma na rufe ido, na biyo ki a kaina. Ba ki waiwaya ba, hannunki yana nan a buɗe, komai daidai." Ta saki igiyoyin. "Kuma ta faɗi, Yaya. A hannuna ta faɗi."

Ta juya ta nufi ƙofa. Ba ta gudu, tafiya kawai take, kuma ko sau ɗaya ba ta waiwayo ba.

Kyaftin ta saki shingen ta zabura za ta bi ta. Muryar Koci ta tsayar da ita.

"Kyaftin. Sandar nan ta ƙungiya ce, ba ta fita daga fili. In bin ta za ki yi, ajiye ta tukuna."

Bindiga da Shiru-shiru da Sabuwa sun jeru a bayan Koci, duk ita suke kallo. Ƙofar ƙarfen ta yi ƙara, ta fara rufuwa a bayan Auta.

Kyaftin ta kalli ƙofar. Ta kalli sandar.

Hannunta ya ƙi buɗewa.